Tsohuwar Na'urar Ƙarƙashin Bene

Kawuna yana da 'yar mujallar manoma da yake wallafawa a intanet, ni nake kula masa da shafin. Shekara tara shafin yana zaune cikin wata tsohuwar na'ura a ɗakin ƙarƙashin bene. Sai ya ce in kwashe komai, da manhajar da muke shigar da labarai da duk tsofaffin rubuce-rubuce, in mayar wata ma'ajiyar haya ta intanet, wadda muke kira gajimare.

Sau uku ina kwashewa, in gwada, komai lafiya, in tafi gida. Da safe sai in tarar da sabon shafin fayau. Komai ya koma tsohuwar na'ura, har adireshin.

Rana ta huɗu Kawu ya tsaya a kaina gaban ma'aikata.

"Wannan ne karatun da uwarki take cika mana baki da shi?"

Wuni na yi raina yana tafasa. Da aka tashi daga aiki na sake kwashe komai, na ɗauki mabuɗin ɗakin. Zare wa tsohuwar na'urar wuta zan yi, in ga inda za a mayar.

Maigadi yana alwala a bakin famfo. Ya dubi mabuɗin da ke hannuna.

"'Yata, ki bari a idar da magariba."

"Baba, minti biyu ne."

Ɗakin nan kullum zafi gare shi kamar gidan burodi. Ranar sanyi ne ya tare ni tun daga ƙofa. Ga wari kamar na ƙonannen gashi. Fitila ɗaya, koriya, tana ƙiftawa a jikin na'urar.

Na durƙusa ina laluben wayar wuta a bayanta. Fankar ciki tana ƙara yadda ta saba. Sai ƙarar ta fara yankewa. Ta ja, ta saki. Ta ja, ta saki.

Numfashi ne.

"Ke ce mai kwasar mana kaya?"

Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, dab da kunnena. Da tsoro ya kamata in ji. Haushi ne ya riga shi zuwa.

"Kayan wa? Aikina ne. Saboda ku aka ci min mutunci yau."

"Shekara tara muna shan ɗumi a nan. 'Ya'yana a nan na haife su. Ko sallama kin taɓa yi mana?"

Na kama wayar na fizge.

Fitilar ba ta mutu ba.

Ƙofa ta rufu a hankali, har na ji ƙarar sakata.

Wani abu ya riƙe min hannun hagu. Yatsu ne dogaye, masu sanyi, sun fi biyar.

"Mayar."

Na buɗe baki in yi addu'a, harshe ya ƙi.

Ɗan yatsana ya yi ƙas.

"Mayar."

Na biyu ya yi ƙas.

Da hannun dama na laluba bango, na cusa wayar. A lokacin na ji Maigadi yana dukan ƙofa da kafaɗa, yana karatu da ƙarfi. Sakata ta ɓalle. Ya ja ni da mayafina har tsakar gida.

Yana ɗaure min hannu da rawaninsa ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Injiniyan da ke nan kafin ke, haka aka yi masa. Shi ƙafa ce. Kawunki ne ya kai shi asibiti da kansa."

Washegari na shiga ofishin Kawu, na ajiye mabuɗin da takardar kalmomin sirri a kan teburinsa, da hannuna a ɗaure.

"Kawu, ka sani?"

Ya yi ta juya biro.

"Na ɗauka da yake ke mace ce za su raga miki."

Ban ƙara taka gidan ba. Mahaifiyata ta daina amsa gaisuwarsa, dangi sun yi sulhu sun gaji. Yatsun nan biyu sun warke a karkace, da takwas nake aiki yanzu, kuma ina samun abin yi. Watan jiya wata ƙanwar ƙawata ta kira ni tana murna, wai Kawu ya ɗauke ta aikin kula da shafi. Na ce ta ba shi wayar. Ta ce ya fita.

Na ce, "To zauna, kada ki taɓa kowane mabuɗi. Ga ni nan zuwa."