Ba Zai Daina Sha Ba

Malama tana falo tana duba littattafan ɗalibanta ta ji ana jan durowa a uwar ɗaka. Da ta leƙa, sai ga yayar mijinta tana loda magungunansa a jaka.

"Yaya, lafiya?"

"Ina fa lafiya? Kafinta guda, hannu na rawa, ƙusa ma ta gagare shi. Ke da likitarki kun mai da min ƙane abin gwaji."

Malama ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi matsawa. Ciwon nan na mijinta ta san shi kamar yunwar cikinta. A bara kaɗai sau biyar ya juya masa. Sai ya yi sati biyu barci ya ƙaurace masa, baki ba ya hutawa, yana karɓar aikin da mutum goma ba za su gama ba. Daga nan ya zube, wata guda yana kallon bango, ko ruwa sai da lallashi. Likitar ƙwaƙwalwa ta ce bayifola ce mai saurin juyawa. Ta janye masa maganin damuwa a hankali, don yana iya ingiza juyin, ta ɗora shi kan wani magani mai suna litiyam.

"Yaya, ki yi haƙuri, amma jakar nan ba za ta fita da maganinsa ba."

"Ni kike tare wa hanya? To Umma ta ce ko maganin ya bar gidan nan, ko ke ki bar shi."

Hawaye suka zubo wa Malama, ba ta ko share ba. "Ranar da ya ce ya gaji da duniya, ni ce a gabansa. Ku kore ni in kun so. Muddin ina nan, zai sha."

"Ajiye, Yaya."

Mijin ne ya shigo, garin katako duk a gashinsa. Ya miƙa hannunsa mai rawa ya karɓi jakar.

"Ba ita ke ɗura min ba, ni nake sha da hankalina. Gara hannu ya yi rawa da in koma inda na fito. Zan je in yi wa Umma bayani da kaina. Matata kuma tana nan daram."

Yaya ta ja tsaki ta fice. Wata huɗu dangi ba su amsa gaisuwar Malama ba.

Su kuwa ba su fasa zuwa asibiti ba. Aka auna jininsa, likita ta rage adadin maganin, rawar ta lafa. Sau ɗaya ciwon ya sake leƙowa, aka ƙara masa wani maganin, ya wuce da sauƙi. Shekara ta zagayo yana shagonsa kullum.

Ranar awon jininsa na gaba, Umma ce ta yi sallama da mayafinta a kafaɗa.

"'Yata, ki yafe mana. Ku tashi mu je asibitin, ina son in ji bayanin likita da kunnena."

Malama ta durƙusa ta gaishe ta, tana dariya tana kuka. Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar kowane. Mai son ka da gaske shi ne wanda zai jure fushin kowa don kar ka yar da maganinka.