Muryar da Ta Tsallake Danga

Ranar da Taha ya fara taka gidan Hajj Jibrin a Gadarif ta ƙasar Sudan, tsohuwa ya zo nema. Haka ya faɗa wa Habboba Jummare, kakar gidan, mahaifiyar Hajj Jibrin, da bakinsa, ita kuwa ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

"To ga ni, ya waladi. Sai dai ka makara, haƙoran ma sun tafi."

Jikarta Rufaida tana bayan dangar da ta raba wajen baƙi da cikin gida, tana haɗa musu jabana. Ta leƙa ta tsagar zana, ta ga wani siririn saurayi durƙushe gaban kakarta, ya rungume rikoda kamar jariri. Shi ma ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin nata. Sauran kaɗan ta kifar da gahawar.

Gyaran rediyo Taha yake yi a kasuwa, ranar biki kuma ya ɗauki org ɗinsa, piyanon nan na lantarki, ya je ya yi kiɗa. A ƙuryar shagon yake haɗa wani albam, kayan da duk kowa ya yar: garayar kakanni, gangar dalluka ta matan Sudan, ƙahonni irin na tsofaffin kaset ɗin da ke shigowa daga Habasha, da jita mai tsalle irin ta zamanin iyayensa. Abu ɗaya ya rage, waƙar yankan riɗi, an kuwa ce masa duk gonakin Gadambaliya ba a yi wadda ta kai Jummare ba.

Tsohuwa ta gyara zama ta ɗauko waƙar. Ta ci baiti ɗaya lafiya, da ta zo amshi murya ta ƙi hawa. Daga bayan danga, ba tare da ta yi shawara da kanta ba, Rufaida ta cafe:

"Yanke riɗi, ɗaure riɗi, rana ta yi, a bar ni in taka."

Taha ya daskare da baki buɗe. Rikoda dai tana ta juyawa abinta.

Da zai tafi, Habboba ta ba shi lambar wayarta, ta ƙara da cewa, "Ni ban iya karatu ba, Rufaida ke karanta min saƙo." Ta faɗi haka fuskarta kamar ta mai tasbihi. Wanda bai san Jummare ba sai ya rantse ba ta nufin komai.

Washegari wayar ta yi ƙara.

"Salam Habboba. A gaya wa Mai Amshi, tun jiya org ɗina ya ƙi yin kiɗan kowa."

Rufaida ta danne dariya ta rubuta: "Habboba ta ce a kai shi wurin mai gyara."

"Ni ne mai gyaran, ya Mai Amshi. Abin ya fi ƙarfina."

Haka aka fara. Kafin damina ta ɗauke, ya san ba ta son bamiya, wato kuɓewa, ta san yana tsoron kare. Da ya roƙi izinin sa muryarta a albam ɗin, ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta amsa: "Ka sa. Amma sunana kada ya fita daga bakinka, ya fannan, gwanin kiɗa."

"Ko za a yanka ni," in ji shi.

Dalilin wannan sharaɗi kuwa mahaifinta ne. Tun da Rufaida ta gama sakandare, ƙafarta ba ta wuce ƙofar gida sai da Habboba, shi ma sai gaisuwar mutuwa ko ta haihuwa. Hajj Jibrin ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya yi shekaru yana sayar da buhuna a kasuwar hatsi, yana jin ana ce masa Fallati, wato baƙo ɗan yamma, duk da a garin aka yanke masa cibiya. Da zamani ya juya, aka fara sintirin ɗabi'a, ana auna mayafin mata, ana tashin biki, sai ya yanke cewa ba wanda zai fi gidansa shiru. Rediyo sai labarai. Uwar da ta haife shi ma ya roƙe ta ta daina waƙa in tana tsince wake.

Albam ɗin ya fito lokacin girbi, gari cike da leburorin gona. Taha ya sa masa suna Tsohuwar Rawa. Kafin a ce me, ya bi gari ta kaset da ta waya. Direbobin raksha, keken haya mai ƙafa uku, suka ɗauka, lorin Doka ya ɗauka, har a tashar Shuwak an ce masu shayi da shi suke tashi. Kiɗa ne da ba ya barin ƙafa ta zauna lafiya, ko dattijo ya ji sai ya kama kansa yana kaɗa yatsa cikin takalmi.

Rufaida tana shanya a tsakar gida ta fara jin kanta. Raksha ce ta wuce a guje, muryarta na tashi daga ciki tana cewa a bar ta ta taka, ta sha kwana ta ɓace. Ta tsaya da jiƙaƙƙen mayafin tob a hannu. Daɗi ya kama ta, sai kuma wani baƙin ciki ya biyo baya, mai nauyi. Muryarta ta je Doka, ta je Shuwak, garuruwan da ita ba ta taɓa gani ba, ita kuwa ga ta tsakanin randa da igiyar shanya.

Ta rubuta masa: "Na ji ni na wuce ta ƙofar gidanmu. Ban ko tsaya na gaishe ni ba."

Ya amsa: "Ki yi haƙuri, ya ruhi. Zan zo in ɗauke ki ki bi muryarki."

Ya kuwa aiko baffansa. Hajj Jibrin ya karɓe shi da shayi da mutunci, ya sallame shi da magana ɗaya: ba ya ba makaɗi 'yarsa.

Ana cikin haka Kassim ya shigo zancen. Maƙwabcinsu ne, danga ɗaya ta raba su, kuma yana cikin kwamitin unguwa, irin samarin da tabon salla ke riga gemunsu fitowa. Ya daɗe yana son Rufaida, ita kuwa ko gaisuwarsa ƙaiƙayi take yi mata. Shi ya sami Hajj Jibrin a rumfarsa, ya rage murya, ya kira shi Ammi, wato baffa.

"Ammi, abin da nauyi, amma gara ka ji daga gare ni. Yaron nan mai org yana yawo yana cewa muryar da ke cikin kaset ɗinsa ta 'yarka ce."

Hajj Jibrin ya dawo gida tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba. Bai ɗaga murya ba, ita kuwa da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Rufaida, ke ce?"

"Ni ce, Baba."

Ya dube ta, ya dubi uwarsa, ya ce daga yau ko gaisuwar mutuwa an soke. Kafin ya karɓe wayar, ta samu ta tura saƙo ɗaya, hawaye na ɗiga a kan madannan: "Kai ne fa ka yi min alkawari. Khalas, kada ka ƙara rubuto min."

Gidan ya koma kamar an yi rasuwa. Ta daina cin abin kirki, in raksha ta taho da kiɗan sai ta shige ɗaki ta danna matashi a kunne. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har yanzu tana son sa.

Habboba Jummare ce ta gaji. Ta yafa tob, ta ɗauki sandarta, ta ce za ta je ta fasa kan ɗan banzan da hannunta. Ta tarar da shagon a kulle. Aka nuna mata gidansu, ta shiga da faɗa a baki, faɗan ya maƙale. Taha na kwance rubda ciki a kan gadon angarib, bayansa duk shatar bulala.

Mahaifiyarsa ta ba ta labari. Da rana tsaka masu sintirin ɗabi'a, mutanen motar boks, suka dira a wani biki, suka ɗauke shi da org ɗinsa. Wani ne ya kai ƙara cewa ya sa 'yar mutane waƙar rawa. Suka ce ya faɗi sunanta a sake shi. Ya ce bai san ta ba. Aka yi ta tambaya, aka yi ta duka, amsar ba ta canza ba.

Tsohuwa ta zauna a bakin gadon, ta ce, "To in kai ba ka faɗa ba, wa ya san muryar yarinyar da ba ta fita? Sai mai kunne a jikin dangarmu."

Ba ta koma gida ba, kasuwar hatsi ta nufa, ta tasa ɗanta gaba kamar yaron da ya gudu daga makaranta. Hajj Jibrin ya tsaya a kan Taha ya daɗe yana kallon bayan nan. Sannan ya ce:

"Ka rufa min asiri, ya waladi. Zan ba ka ita. Amma ka bar kiɗa."

Taha ya yunƙura ya ɗago. "Org sun riga sun karɓe, Ammi. In dai ita ce, na bari."

Hajj Jibrin ya koma gida yana ganin ya kawo albishir. Rufaida ta saurari komai, ta yi kuka da ta ji zancen bulala, kuka mai yawa, na kunya da na so a haɗe. Da aka zo kan sharaɗin sai ta share fuska.

"Baba, ka yafe min, amma ban yarda ba."

"Shunu? Me kika ce? Ba shi kike so ba?"

"Shi nake so, wallahi shi kaɗai. Amma in ya bar kiɗa saboda ni, ni na ƙarasa masa dukan da suka fara. Kuma ina za ka kai ni? Daga wannan shirun zuwa wani shirun?"

Bai taɓa jin ta haɗa masa magana uku a jere ba. Ya juya wajen uwarsa ko za ta tsawata, ya tarar ita ma ta ɗaura ɗamara.

"Jibrin, waƙar nan da kake ɓoyo, da ita na yanki riɗin Gadambaliya kana bayana. In na yi shiru kuka kake. Ka ce in daina, na daina, don kar a ce da kai wani abu. To ka gaya min, sun daina ce maka Fallati?"

Ya zauna a kan turmi, mutumin da ko tabarma ba ya zama sai an kakkaɓe, ya dafe kai. Rufaida ta dube shi, sai a ranar ta gane shi ma a tsare yake, ya ma riga ta shiga. Tausayinsa ya kama ta.

Ranar Juma'a, an fito masallaci ana neman takalma, Kassim ya matso. Da ya ji an je duba Taha, ya ga abin na neman kuɓuce masa, sai ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji.

"Ammi, kwamiti na tambaya, maganar muryar nan gaskiya ce?"

Mutane suka tsaya da takalma a hannu. Hajj Jibrin ya ji tsohon tsoron nan ya taso masa. Ya danne shi.

"Gaskiya ce. Muryar 'yata ce, waƙar uwata ce, mai kiɗan kuma surukina ne in Allah Ya yarda. Akwai sauran tambaya?"

Wani tsoho daga baya ya ce, "Mabruk, ya Hajj," wasu suka amsa, wasu suka kau da kai. Hajj Jibrin ya san daga ranar akwai masu daina tsayawa a rumfarsa, kuma an samu.

Da yamma ya miƙa wa Rufaida wayar. Ta rubuta: "Ya fannan, na zarge ka a kan abin da ka sha duka dominsa. Ka yafe min."

Amsa ta zo nan take: "Bayana ya warke yanzu-yanzu. Ki shirya, Mai Amshi."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da rana aka yi bikin, da takardar izini, maza a waje mata a ciki, aka tashi kafin magariba kamar yadda doka ta ce. Org na aro ne, sau biyu yana shaƙewa. Duk da haka matan unguwa sun taka har ƙura ta tashi, Habboba Jummare a tsakiya tana juya sanda.

Da aka zo fita da amarya, Taha na tsaye a bakin ƙofa cikin farar jallabiya, ya kasa rufe baki. Rufaida ta durƙusa gaban mahaifinta. Ya ɗora hannu a kanta.

"Je ki, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya ɗayyiba," ya ce da ƙyar. "In za ki yi waƙa a gidanki, ki ɗaga murya. Kada ki yi ta kamar mai sata."

"Amin, Baba," ta ce, ta miƙe ta tsallake ƙofar.