Wa Ke Wurin Kafin Mu?

"Sake faɗa in ji," Sauda ta ce, ta ajiye kofin shayinta a kan darduma.

Uwais ya yi murmushi, bai san ya taka wuta ba.

"Na ce daji ne, habibti. Baƙar ƙasa mai kyau, can bayan Bali a Taraba. Ba kowa a wurin. Mu za mu fara kafa gida."

Yammacin Juma'a ce a Wadi Hanifa, wurin shaƙatawa a gefen birnin Riyadh. Ummanta na can gefe tana jan carbi, kunnenta kuwa duk yana wajensu.

A unguwar Utaiqa aka haifi Sauda, amma har yau a ƙarƙashin iƙamar mahaifinta, wato takardar izinin zamansa, take zaune, baƙuwa a garin da aka yanke mata cibiya. Uwais injiniya ne a aikin sake gina tsohon garin Dir'iyya, kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, ya sayi fili a gida. Tana son sa, so irin mai hana mutum cin abinci. Tana kuma marmarin ƙasar da ba wanda zai ce mata ta je ta sabunta izinin zama.

Sai dai fa malamar tarihi ce a wata makarantar kuɗi mai bin tsarin Amurka. Duk shekara tana koya wa 'yan mata yadda Turawa suka ɗora iyalansu a kekunan shanu suka nausa yamma, gwamnati na raba musu filaye. Su ma abin da suka riƙa faɗa ke nan, ba kowa. Alhali akwai 'yan ƙasa da kakanninsu ke kwance a wurin, aka tashe su ƙarfi da yaji.

"Ka je da ƙafarka ka gani?"

"Kawuna ya gani. Takarda ma tana hannuna."

"Su ma Turawan da takardarsu suka je..."

"Haba Sauda, ni ne Baturen?"

"Kai ne raina," ta ce a hankali, idonta ya ciko. "Shi ya sa. Ba zan ɗora tukunyata a murhun da aka kori wata daga kansa ba. Ka je ka dubo mini wa ke wurin kafin mu. In ba haka ba, khalas, a bar maganar auren."

Ya tashi ya yi wa Umma sallama, ya tafi bai waiwayo ba.

Umma kam faɗuwa ta zo mata daidai da zama. Dama Dakta Isiyaku take so Sauda ta aura, likita mai albashi da gida a arewacin Riyadh.

"Ke da ko tsintsiya ba ki iya riƙewa, daji za ki?"

Uwais ya ɗauki hutu ya tafi Najeriya. Shiru, ko saƙon waya babu. Dakta Isiyaku kuwa ya zama ɗan gida, kullum da kwalin dabino, har ya raɗa wa Umma wai ya ji labarin Uwais ya yi aure a can.

Sauda ta yi kuka har ta gaji. Wace irin mace ce ke korar masoyinta saboda darasin aji? Ta tsani bakinta, amma ko a ranta ba ta janye maganar ba.

Wata rana bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida.

Uwais ne. Ya rame, ya yi baƙi, yana rungume da wata kwalba kamar jariri. Ya durƙusa ya gaida Umma, sannan ya ɗago ya dubi Sauda.

"Akwai mutane," ya ce.

Sauda ta matso kusa.

"Wata tsohuwa, Inna Delu, da jikokinta da shanunsu. Mijinta ne ya haƙa rijiyar wurin, kabarinsa na gindin tsamiya. Wanda ya sayar mini bai ambace su ba. Wurin ko waya ba ta kamawa, shi ya sa kika ji ni shiru."

"Sai ka yi yaya?"

"Muka zauna gaban mai gari. Na bar musu ɓangaren rijiya da kabarin da hanyar shanu. Abin da ya rage bai kai rabi ba, kuma duk duwatsu ne." Ya sunkuyar da kai. "Gidan da na yi miki alkawari ya ƙanƙance, Sauda. In kin fasa, wallahi ba zan ga laifinki ba."

Hawaye suka zubo wa Sauda.

"Inna Delu ta tambaye ni ko matata ta iya tatsa. Na ce ko saniya ba ta taɓa taɓawa ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in kawo ki, ita ba ta da 'ya mace. Wannan ta ba ni in kawo wa surukata."

Umma ta karɓi kwalbar tana yatsina, ta buɗe. Ƙamshin man shanu ya cika falon. Rabonta da shi tun tana amarya a Gombe. Ta ja gefen mayafi ta share ido.

"Sauda," ta ce, "kin ji dai, duwatsu ne."

"Na ji, Umma. Zan je."

Umma ta rufe kwalbar, ta ɗora ta a cinyarta.

"To kai kuma me kake jira? Ka ce wa kawunnanka su zo. Tsohuwar nan ta riga ni ba ka Sauda."