Ka'ak Ɗin Fauziyya Ya Ƙone

"Uzairu, dube ni! Wannan ne ka'ak ɗina?"

Uzairu ya kasa ɗago kai. Ga tire a gabansu, ka'ak ɗin da Fauziyya ta tsara layi-layi, gasasshen cincin na Sallah, ya koma baƙi ƙirin, sai hayaƙi yake yi.

Jajibirin ƙaramar Sallah ne, kuma duk garin Wad Haddad babu inda ya kai furun, gidan burodin da Uzairu ke gashi, cika. Kowace mace ta ɗauko tiren ka'ak da biskit a ka, kowace kuma gani take nata ya fi na kowa sauri. Ga azumi, ga wuta, ga surutun mata. Ko waliyyi ne sai ya rikice.

"Ma'alesh, yi haƙuri, habibti... Hajja Mu'minat ta tsare ni da rigima kan tirenta, kafin in juyo..."

"Ma'alesh? Ma'alesh zan kai gidanku gobe?"

Nan ne gizo ke saƙar. Al'ada ce gidan yarinyar da aka sa wa rana su aika wa uwar saurayi ka'ak ɗin Sallah, a ajiye gaban baƙi, kowa ya ɗanɗana hannun amarya. Ita kuwa Hajja Asabe, mahaifiyar Uzairu, ta sha faɗa a bainar jama'a cewa yarinyar da ke wuni asibitin Managil tana yi wa mutane allura ba za ta iya riƙe gida ba.

Saboda wannan maganar Fauziyya ta hana kanta sakat. Satin nan asibiti ya cika da masu zazzaɓi, abokan aiki sun gudu hutu sun bar mata. Ta dawo a bas a gajiye, ta wanke labule, ta taya mahaifiyarta shafe ɗakuna, sannan ta zauna kwaɓi da hannunta, ta ƙi yarda kowa ya taɓa. Yanzu ga abin da ya rage.

"Bari in hau mota in sawo na kanti," in ji Uzairu. "Wallahi ba mai ganewa."

"Innarka ce ba ta ganewa? Ka manta ko wace ce ta haife ka?"

"To in ce mata ni na ƙona!"

"Ta ce rufa mini asiri kake yi... Uzairu, na gaji. Wallahi na gaji! Ina tsoron auren nan ya lalace a kan gari da sukari."

Hawaye suka zubo mata. Ya miƙo hannu, ya tuna idon jama'a, ya mayar.

"Mi anka ƙona haka? Tun daga bakin hanya nike jin ƙauri."

Fauziyya ta waiga. Hajja Asabe ce tsaye, ta zo karɓar nata tiren. Matan da ke layi kowace ta baza kunne.

Fauziyya ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ina wuni, Hajja..."

Tsohuwar ta sunkuya kan tiren. Ta ɗauki ka'ak ɗaya, ta juya shi, ta dubi zanen da ke bayansa. Ba damar ɗanɗanawa da azumi a baki, sai ta ɓare shi biyu. Cikin ya ruguje mata a tafin hannu, lallausa. Ta kai hanci, ƙamshin man shanu ya doke ta ta ƙarƙashin ƙaurin.

"Wa ya kwaɓa?"

"Ni ce, Hajja."

"Ke ɗaya? Da aikin asibitin?"

"Na'am."

Hajja Asabe ta juya kan ɗanta. "Kai kuma, ya zol, bawan Allah, yarinya ta kawo maka abu awa wannan ka maishe shi gawayi? Kunya ba ta kama ka ba?"

"Inna, wallahi..."

"Rufe mini baki!"

Fauziyya ta yi ƙarfin hali, muryarta can ƙasa. "Hajja, ki yi haƙuri, gobe ba mu da abin aiko miki."

Tsohuwar ta kakkaɓe hannunta, ta kama kafaɗar Fauziyya ta ɗaga ta tsaye.

"Ai ni za a kawo ma wa, kuma na gani. Khalas, shi ke nan. Tashi, ɗiyata, share hawayenki. Mu tai gida, akwai gari, akwai mai. Baƙina na gobe hannunki nike so su ci."