Buruyon Hamidu

Ranar da Zuhaira ta fara shiga ajin ƙarshe a lisen Tanut, babbar sakandaren da ake gamawa da jarrabawar bak, taswira ce ta haɗa ta da Hamidu, kuma da gardama suka fara.

An sauya wa mahaifinta Malam Attahir wurin aiki daga Damagaram, shi ne sabon malamin tarihi da labarin ƙasa. Wuri ɗaya ya rage a ajin, kusa da wani dogon saurayi da ya sunkuya yana zana taswirar Damargu. Zanen ya yi kyau, babu rijiyar da ya manta. Ta leƙa, ta karkata kai, ta sake karkatawa.

"Malam, taswirarka a kwance take."

"Ta ina ta kwanta?" Bai ko ɗago ba.

"Ka sa gabas a sama. Arewa ake sawa."

"Mu a Ollelewa, in tsoho zai zana maka hanya a ƙasa, gabas yake fuskanta."

"To mai gyaran takardun bak ba ɗan Ollelewa ba ne."

Ya ɗago da niyyar ba ta amsa mai zafi, sai idonsa ya faɗa cikin nata. Amsar ta ɓace masa, kuma har yau bai tuno ta ba.

Kafin wata biyu kowa a ajin ya san inda zai same su in an fita shan iska: gindin aduwar bayan aji, littafi a tsakaninsu don rufe bakin mutane. Ita tana ce masa Ɗan Ollelewa, shi yana ce mata Zuzu. Hamidu ɗan manoman gero ne, ya san ƙasa da ƙafarsa. Ya san inda jigawa ta ƙare fako ya fara, ya san shekarar da kowane tafki ya ƙafe. In ya fara bayani ko malami sai ya tsaya ya saurara. Abin da bai sani ba shi ne tsayawa.

"Ɗan Ollelewa, saurare ni," in ji Zuhaira wata rana. "Bak ba hira ba ce a ƙofar gida. Ka karanta tambaya sau uku. Ka ja layi a ƙarƙashin abin da aka ce ka yi: ka bayyana ne, ko ka kwatanta, ko ka kawo dalilai. Sannan buruyo."

Buruyo ita ce takardar nan mai launi da ake raba wa ɗalibai su gwada tunaninsu a kai. Ba a karɓarta, ba a gyara ta.

"A buruyo tsari kawai za ka yi," ta ci gaba. "Gabatarwa, kanun sassa, kammalawa. Minti arba'in, ka bar ta ka koma takardar gaske. In akwai taswira, ka ba ta suna, ka sa kibiyar arewa, ma'auni, da fassarar alamomi. Ka bar minti goma na sake karantawa."

"Zuzu, ni ba na miƙa wa babba abu da datti. Sai na rubuta duka, na gyara, sannan na kwafe shi fes."

"Lokaci zai ƙare maka."

"Hannuna da sauri."

"Bakinka ne da sauri," ta ce. Suka yi dariya, ita kuwa tata ba ta kai ciki ba.

Malam Attahir ba makaho ba ne. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira 'yarsa.

"Yaron nan ya fi kowa sanin ƙasa a ajina," ya ce. "Amma shekara ta kusa ƙarewa bai taɓa miƙo mini takarda kammalalliya ba. Ba talaucinsu na duba ba, Zuhaira. Mutumin da ba ya gama abin da ya fara, ba na ba shi 'yata. Ki gaya masa haka."

Ba ta gaya masa ba. Ta ji tsoron kada ta karya masa zuciya dab da jarrabawa, kuma wannan shirun ta daɗe tana da-na-saninsa.

Safiyar jarrabawar labarin ƙasa ta tura masa saƙo:

"Ɗan Ollelewana, Allah ya ba mu sa'a. Minti arba'in a buruyo, don Allah. In ba don kanka ba, don ni."

Ya amsa: "Zuzuna, kwantar da hankalinki. Yau za ki ga aiki."

Da aka raba tambayoyi, Hamidu ya kusa yin kabbara. Yadda hamada ke cinye gonaki a Sahel: dalilai, illoli, mafita. Yo wa zai gaya masa wannan? Gonar kakansa ce rairayi ya binne har kan kuka. Ya ja buruyo ya fara. Ya rubuta iskar bazara da saran itace, ya rubuta rijiyoyin da suka yi zurfi, da samarin da suka tafi Agadas da Libiya ba su dawo ba. Ya nemi buruyo ta biyu, ya nemi ta uku. Bai taɓa rubutu mai daɗin wannan ba, har idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Saura minti goma sha biyar," in ji mai tsaron ɗakin.

Takardar gasken tana gabansa fara fat, sunansa kawai a kai.

Gabatarwa kaɗai ya samu ya kwafe, da layi huɗu na sashen farko. Ya roƙi mai tsaron ya haɗa da buruyon. Mutumin ya dube shi da tausayi ya ce, "Yarona, doka ta hana." Zuhaira tana jiransa a bakin ƙofa. Da ta ga takardu masu launi a dunƙule a hannunsa, ba ta tambaye shi komai ba.

Sakamako ya fito. Zuhaira ta ci, Hamidu ya faɗi, kuma labarin ƙasa ne ya ja shi ƙasa. A ranar ya hau mota sai Ollelewa, bai yi wa kowa sallama ba.

Saƙonninta suka bi shi.

"Hamidu, faɗuwa ɗaya ce. Ka dawo ka sake, ina nan."

"An ɗauke ni a jami'ar Damagaram, sashen labarin ƙasa. Kai na fara so in gaya wa."

"Wata biyar ke nan. Ko gaisuwa ce ka amsa mini."

Na ƙarshe gajere ne: "Na gane. Allah ya sada ka da alheri."

Kada ku ce bai rubuta amsa ba. Ya rubuta. Duk saƙon da ya zo sai ya zauna ya tsara mata amsa, ya karanta, ya ga ba ta kai darajarta ba, ya ajiye da niyyar gyarawa gobe. Ya ƙudurta ba zai yi mata magana ba sai ya zama wani abu, sai yana da abin nunawa. Ya koma Belbeji wurin kawunsa Barmo mai sayar da hatsi, yana auna wa makiyaya gero ranar kasuwa. Shekara biyu suka wuce a haka. Da labari ya iso masa cewa wani mai kantin magani a Damagaram, Abdulgafar, ɗan aminin mahaifinta, yana zuwa wurinta, sai ya ce wa kansa ai dama haka ya dace. Ita kuma ta daɗe da yanke cewa ya manta da ita.

Wata ranar kasuwa, yana tsugune yana ɗaure bakin buhu, ya ji murya a kansa.

"Nawa tiyar gero, Ɗan Ollelewa?"

Zuhaira ce, jami'a ta turo su Belbeji su ƙidaya rijiyoyin makiyaya. Tana tsaye da jaka a kafaɗa, ta rame kaɗan, ba ta murmushi.

"Zuzu..."

"Kada ka kira ni haka. Wanda yake kira na haka yana amsa saƙo. Me na yi maka, Hamidu? Ni na kayar da kai?"

Sai ya ciro wayarsa, ya buɗe inda ake ajiye saƙon da ba a tura ba, ya miƙa mata. Ta fara karantawa a tsaye, sannan ta zauna a kan buhu. Sun fi sittin. Na farkon yana cewa:

"Zuzuna, kin gaya mini ban ji ba. Kunyarki ta hana ni numfashi. Ina son ki fiye da ranar da kika juya mini taswira."

Ta daɗe tana kuka, mata masu sayen gero suna kallonsu.

"Shekara biyu kana rubuto mini a buruyo," ta ce. "Ni kuma ina can ina duba waya kamar mahaukaciya. Da guda ɗaya ka turo, ko da kuskure goma a ciki, da na rungume shi."

"Na so in zo miki da abin kirki."

"Ni ma ina da laifi. Baba ya ba ni saƙo tun kafin bak, na ɓoye maka." Ta gaya masa maganar mahaifinta kalma da kalma. Sannan ta share ido. "Iyayen Abdulgafar za su zo neman aurena bayan babbar salla. Mutumin kirki ne, ban da abin da zan ce ya yi mini. Baba bai ba su amsa ba tukuna. Saura sati uku."

Washegari Hamidu ya hau motar Tanut da rigar da yake awo da ita. Bai tsara abin da zai faɗa ba, karon farko a rayuwarsa.

Ya samu Malam Attahir a zaure, ya yi ritaya, ya tsufa fiye da shekarunsa, yana tari. Hamidu ya durƙusa, ya kira shi yadda ɗalibai ke kiran malami a aji.

"Mushe, ina son Zuhaira. Ba ni da bak, ba ni da komai. Na zo ne kawai kafin lokaci ya ƙare."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. Ya shiga ciki ya fito da takardu, ya rubuta tambaya ɗaya, ya kwance agogonsa ya ajiye a tabarma.

"Awa uku. Fara."

Minti arba'in na cika, Hamidu ya ture buruyon. Abin da ya miƙa a ƙarshe bai kai rabin abin da ya sani ba, amma yana da farko, yana da ƙarshe, kuma kibiyar arewa tana kallon sama.

Malam Attahir ya karanta har layin ƙarshe. "Sha ɗaya bisa ashirin," ya ce. "Ita ce takardarka ta farko da na taɓa gani da ƙafafu. Ka yi rajistar bak daga waje. Duk Asabar ka zo nan. Gidan su Abdulgafar ni zan je in ba su haƙuri da kaina." Sannan ya ƙara da cewa, "Shekara biyu nake jiran ka shigo zauren nan, ɗana. Ina ka tsaya?"

Hawaye suka zubo wa Hamidu.

Wata tara yana zuwa daga Belbeji duk Asabar. Tsohon yana kishingiɗe, tarin yana ƙaruwa, yana buga tabarma yana cewa, "Me aka tambaye ka? Amsa wannan, bar sauran!" Da sakamako ya fito Hamidu ya ci, labarin ƙasa sha biyar. Ya kai takardar har bakin gadon malaminsa. Malam Attahir ya sa aka kira ƙaninsa Ila, ya ce, "Na ba shi Zuhaira. In kaka ta yi a ɗaura."

Bai ga kakar ba. Ya rasu a tsakiyar damina, gero yana fitar da kai.

An ɗaura auren a Tanut bayan an gama girbi, a ƙofar zauren nan. Baffa Ila ne ya bayar, Kawu Barmo ya karɓa. Mutanen Ollelewa suka zo da mota biyu, tsofaffin ɗaliban marigayin suka cika layin. Abdulgafar ma ya aiko da gaisuwa da turare.

Da la'asar, kafin a kai amarya, aka bar su su gaisa a tsakar gida. Ta ɗaga mayafinta kaɗan.

"Ɗan Ollelewana, ka yi kyau."

"Zuzu, da na turo saƙo ɗaya a wancan lokacin, da mahaifinki ne zai zauna a tabarmar can yau."

"Na sani," ta ce. Ba ta ce masa "ba komai" ba, don da komai. "Ni ma da na isar da nasa saƙon. Za mu ɗauki wannan tare, ni da kai."

Mahaifiyarta ta fito daga ɗaki, ta kama hannun 'yarta ta ɗora a nasa.

"Marigayi ya bar mini sallahu," ta ce. "Ya ce in gaya maka bai taɓa koyar da ɗalibin da ya so kamar kai ba, kuma ya yafe maka jiran da ka sa shi. Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya jiƙan wanda ya so ya ga wannan rana."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi. Hamidu ya buɗe baki zai ce amin, kuka ya riga shi.