Agogo Biyu a Ƙusa Ɗaya

"Ku ɗauke shi mana! Ku ɗauke shi mu ci gaba da watsa shiri!"

Abin da Insifekta ya fara ji ke nan da ya sa ƙafa a ɗakin injina na gidan rediyon. Manaja ne ke wannan ihu, ya tattare babbar riga, gumi na bin wuyansa. A ƙasa kuwa mai gyaran injinan gidan ne kwance a gaban wata tsohuwar na'ura mai girman kabad uku, ƙofarta a buɗe. Hannunsa na dama ya ƙone ƙurmus. Rai ya yi halinsa.

Insifekta ya dubi Manaja daga hula zuwa takalmi, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya.

"Buhun gawayi ne da za a ɗauke shi?"

"Yallaɓai, gangancinsa ne ya ja masa. Haka zan rubuta wa hedikwata. Masu sauraro sai bugo waya suke..."

"Su saurari shiru yau. Saje, kada wanda ya taɓa komai."

Insifekta ya san irin wannan rubutu. Da an ce ganganci, an rufe magana ke nan, matar mamaci da 'ya'yansa su tashi a tutar babu, ga kuma zargi a kan ubansu.

Na'urorin watsa shiri biyu ne a ɗakin, duka na gajeren zango. Tsohuwar ita ake ce wa Gwaggo. Ɗayar tana ƙyalli a kusurwa, Manaja da kansa ya sayo ta, ana ce mata Sabuwa. A makon nan ake gwada su. Wata injiniya mai tantancewa na sauraro daga nesa, duk wadda muryarta ta yanke ta faɗi, a kwance ta a sayar wa 'yan gwangwan. Yau ranar Gwaggo ce.

"Ya aka yi wuta ta kama shi?"

Manaja ya goge fuska. "Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Ƙofar nan tana da makunni. Da an buɗe ta, babbar wutar ke ɗaukewa da kanta. Sai dai ka tambayi Baba Injiniya, shi ke riƙe da Gwaggo tun ina firamare. Yau bai zo ba, ƙafa ke damunsa."

A gefen ƙofar akwai ƙusa, samanta an rubuta da jan fenti: CIRE AGOGO DA ZOBE KAFIN KA SA HANNU. Agogo biyu ke rataye a ƙusar. Insifekta ya dubi gawa, ya dubi ƙusar.

"Saje, marigayin hannu nawa gare shi na ɗaura agogo?"

"Ɗaya dai ake ɗaurawa, oga, sai in ɗan gayu ne."

Insifekta ya naɗe agogunan a hankici ya jefa aljihu.

Maigadi na zaune a bakin rumfarsa, ya rungume wata ƙaramar rediyo kamar jinjiri.

"Wa ya shiga ɗakin injina yau?"

"Marigayi kaɗai, ranka ya daɗe. Ko ƙuda bai wuce ni ba."

"Kana sauraron tashar?"

"Ni da ita ai sai mutuwa."

"To kafin ka ji ihu, shirin ya yanke?"

"Ko ɗis. Mai labarai na tsakiyar magana na ji ƙara. Bayan ihun ne ma ta yi shiru."

Insifekta ya gyaɗa kai. Wato an buɗe ƙofa, wuta ba ta ɗauke ba. Wani ya rufe wa makunnin baki.

Idonsa ya sauka kan wata fanka a jingine, fiffikenta ɗaya a karye.

"Wannan fa?"

Nan fuskar maigadi ta murtuke. "Tun da aka fara gwajin nan, in rana ta take sai a zo a are ta. Yau kuma aka yar min da ita a baranda, ko a yi haƙuri babu."

"Wa ke ara?"

"Wallahi... na manta."

"Ƙuda bai wuce ka ba, amma mutum da fanka a ka ya wuce. Allah Ya ƙara basira, malam maigadi."

Ana cikin haka sai ga Baba Injiniya ya shigo yana ɗingishi, kaftaninsa fes, yana salati da ƙarfi yadda kowa zai ji. Aka kai shi ofishin Manaja.

"Yanzun nan labari ya same ni a gida," in ji shi. "Na sha faɗa masa. Yaran yanzu a waya suke koyon gyara, su kalli bidiyo biyu su ce su injiniyoyi ne. Gwaggo ba ta taɓa cin mutum ba."

"Ka amince da ita ke nan?"

"Fiye da yadda na amince da wasu masu babbar riga." Ya harari Manaja. "Ka je ka tambayi masu sauraro a bayan teku muryar wa suke ji. Waccan Sabuwar kuwa, kwalin ashana, a ba ta damina ɗaya."

"Zafi ba ya damun Gwaggo?"

"Tsufa ai ba laifi ba ne."

"Haka ne." Insifekta ya yi hamma. "Baba, taimaka min, ƙarfe nawa yanzu?"

Baba ya ɗaga hannun hagu ya ja hannun riga. Babu komai sai wani farin zagaye a fata, inda rana ta daɗe ba ta taɓa ba.

Insifekta ya warware hankici a kan tebur.

"Ɗaya na marigayi ne. Ɗayan na wanda ya sa hannu a cikin Gwaggo bayan ya faɗi. Mutum na kwance a gabanka yana shure-shure, amma sai da ka cire agogo ka rataya. Sannu da bin doka."

Baba ya daɗe yana kallon agogon.

"In rana ta yi zafi takan sume," ya ce a hankali. "Da ta yanke sau ɗaya, shi ke nan, 'yan gwangwan. Sai na haɗe makunnin da wayar lantarki, don in riƙa buɗe ƙofar ina sa mata fanka ba tare da shiri ya yanke ba. Yau na fita ɗauko fankar, shi kuma ya ji ƙauri ya buɗe. Ƙugin injin ba ya tsayawa ko wuta ta ɗauke, don haka bai gane ba. Ni na koya masa ya amince da ƙofar nan."

"Ina wayar?"

Baba ya zaro guntun jan ƙarfe daga aljihu, a nannaɗe tsaf. Ko a yau bai iya yar da waya mai kyau ba.

"Ka kira masa likita?"

Baba ya ajiye wayar kusa da agogon.

"Ka tsallake shi ka fice ta baya, ka dawo kana zaginsa. Saje, sa masa ankwa. Hannun ai babu agogo, za ta zauna daidai."

Aka fita da shi. A bakin ɗakin injina ya waiga, ba gawar ya kalla ba, Gwaggo ya kalla.

Insifekta ya juya ga Manaja. "Kai kuma in na ga kalmar ganganci a takardarka, da ƙafata zan dawo."

Yana shirin shiga mota wata farar mota ta tsaya. Wata mata mai gilashi ta fito da jakar kayan awo, ta ce ita ce mai tantancewa. Insifekta da Manaja suka bi ta ɗakin injina. Ba ta ko dubi Gwaggo ba. Ta zarce wurin Sabuwa, ta zagaya bayanta, ta sa mukulli ta kankare fentin. Wani tsohon fenti ya bayyana, har da tsatsa.

"Wa ya sayo wannan?" ta tambaya.

Insifekta ya waiga. Inda Manaja ke tsaye ɗazu babu kowa, sai takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofar baya.