Kwalbar Malam Rabo

Da safiyar wata Litinin a damunar 1986, Likita Justina ta buɗe kabad ɗin ɗakin tiyata na wani ƙaramin asibiti a Dutsin-Ma, ta ɗaga kwalbar da za a kai Zariya don gwaji. Abin da ke ciki tsokar akuya ce.

Sufeto Hudu ya iso kafin rana ta yi zafi.

"Me ya kamata a samu a ciki, Likita?"

"Ƙarin da na cire wa Malam Rabo, masunci daga madatsar ruwan Zobe, ranar Juma'a. Wani ya taɓa yi masa aikin gwaiwa a ɓoye, ya ɗinke wurin da guntun komar kamun kifi, irin ta roba. Nama ya taso ya naɗe ta. Zariya kaɗai za ta iya cewa ko ciwon daji ne."

"Wa ya san koma ce?"

"Ni da likitan da ya zo taya ni daga Katsina, kuma ya tafi a ranar. Ma'aikata dai na ce musu ƙari ne."

Malam Rabo na kwance, zazzaɓi ya hana shi magana. Sufeto ya duba kwalbar. An naɗe murfin da filasta tsaf, naɗin hannun da ya saba.

Ya fara da Larai mai shara.

"Ranka ya daɗe, ɗakin nan ko mabuɗinsa ban taɓa riƙewa ba."

Likita ta tabbatar. Sai Obadiya direba.

"Yallaɓai, ni ne zan kai ta. Da ina da nufi, ai a hanya zan jefar, in ce ta fashe."

Sufeto ya sallame shi. Saura Atiku, mai taimakon tiyata kuma mai riƙe da mabuɗin ɗakin, wanda ya tafi gida Kurfi tun Alhamis, ya leƙo ranar Lahadi wai ɗaukar rigarsa.

"Malam Atiku, ka shiga aikin Malam Rabo?"

"A'a, ba na nan."

"Ka ga abin da aka ciro?"

"Ban gani ba. Kuma Yallaɓai, wa zai wahalar da kansa kan guntun nama da tsumman koma?"

Sufeto ya ajiye alƙalaminsa.

"Wa ya ce maka koma ce? Likita ba ta faɗa wa kowa ba. Mara lafiya ba ya iya magana. Wanda ya san abin da ke cikin Malam Rabo shi ne wanda ya sa shi. Ga mabuɗi a hannunka, ga naɗin filastarka."



"Sai da na tafasa ta," in ji Atiku. "Duk sun warke, suna yi mini addu'a."

"Ina ƙarin?"

"Yana cikin ruwan Zobe."

Likita Justina ta matso. "Ka ce duk. Su waye duk?"

"Masunta. Da manoman Wurma. Wasu ma na manta sunayensu."

Bayan an tafi da shi, Sufeto ya tambaye ta, "To, dajin ne?"

"Ba wanda ya sani yanzu. Ko robar asibiti da aka gwada ma ana shekaru ana sa mata ido, balle wannan. Sai wani ya sake zuwa da ƙari."

Kafin la'asar labari ya kai bakin ruwa. Da Sufeto ya fito, ya tarar da maza zaune a barandar asibiti, kowa hannunsa a kan mararsa.